Uwa Ɗaya, Launi Biyar: Yadda Karnukan Bakolori Ke Gadon Launin Gashinsu

Gabatarwa

A ƙasar Hausa mutum uku aka fi sani da kiwon kare, wato mafarauci, da makiyayi, da mai gona ko gidan da ke bukatar gadi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato cikin 1978, aka kuma ja hanyoyin ruwa zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun, wannan yanki ya zama mahaɗar manoman rani da masunta da makiyaya masu neman ruwa da abincin dabbobi. Inda mutane suka haɗu karnukansu ma haɗuwa suke yi, ga shi kuwa ba wanda ke zaɓa wa karya abokin barbara. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga jar karya ta haifi 'ya'ya shida: biyu jajaye, ɗaya baƙi wuluk, ɗaya dabbare-dabbare, ɗaya mai zane-zane, ɗaya kuma mai baƙin baya da jajayen ƙafafu. Idan mutane suka ga haka sai su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa albasar ta yi halin ruwa, sa'annan ta bayyana abin da launin kare ke iya gaya wa mai shi, da abin da ba ya iyawa.

Rini biyu ne kacal

Duk launukan da ake gani a jikin kare daga sinadarai biyu suke fitowa, waɗanda wasu ƙwayoyin fata ke sarrafawa su zuba cikin gashi yayin da yake tsirowa. Na farko, yumelanin, shi ke ba da baƙi. Na biyu, fiyomelanin, shi ke ba da ja, tun daga ja mai duhu har zuwa launin yashi. Fari kuwa rashin rini ne, domin farin gashi shi ne wanda babu ko ɗaya daga cikin sinadaran nan biyu a cikinsa.

Abin da ke yanke hukuncin rinin da za a zuba, da wurin da za a zuba shi, shi ne ƙwayoyin gado. Kowane kwikwiyo yana karɓar ƙunshin gado 39 daga uwa, da wasu 39 daga uba, ke nan kowace ƙwayar gado biyu-biyu yake da ita. Tun cikin 1866 Gregor Mendel ya bayyana, daga gwajin da ya yi da wani nau'in wake, cewa ɗaya daga cikin biyun tana iya danne 'yar'uwarta, wadda aka danne kuma ba ta ɓacewa, ɓoyewa kawai take yi har ta bayyana a jikin jikoki. Cikin 1957 wani masani Ba'amurke, Clarence Little, ya wallafa littafi sukutum a kan gadon launi a karnuka. Bayan da aka karance ƙwayoyin gadon kare baki ɗaya cikin 2005, sai aka riƙa gano su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda launuka ke fitowa

Mu fara da baƙi. Cikin 2007 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano ƙwayar da ke sa yawancin baƙaƙen karnuka su zama baƙi. Wannan ƙwaya mai rinjaye ce, guda ɗaya daga uwa ko uba ta isa. Saboda haka idan baƙin kare da baƙar karya kowannensu yana ɗauke da ƙwayar ja a ɓoye, to a bisa ƙiyasi ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu ba zai zo baƙi ba. Wani nau'i na wannan ƙwaya shi ke kawo zane-zanen baƙi a kan ja, irin wanda ake gani a jikin wasu dogayen karnukan Buzaye na yankin Azawak a Nijar da Mali.

Akwai kuma wata ƙwaya wadda idan kwikwiyo ya gaji nau'inta mai rauni ta ɓangarorin biyu, to gashinsa ba zai ɗauki baƙin rini ba ko kaɗan, ko da yana ɗauke da ƙwayar baƙi. Irin wannan kare ja ne a ido, amma yana iya haifar baƙi. Ta haka ne jajayen iyaye biyu kan fito da baƙin ɗa. Ƙwaya ta uku ita ke raba wa baƙi da ja wurare a jiki: ko jiki duka ja, ko baƙin baya kamar an ɗora sirdi, ko baƙin jiki da jajayen ƙafafu da ɗigo biyu a saman idanu.

Shi kuwa fari labarinsa daban ne. Tun kwikwiyo yana cikin mahaifa, ƙwayoyin rini suna tasowa ne daga layin gadon baya su bazu zuwa sauran jiki. Ƙirji da yatsu da bakin wutsiya su ne wurare mafi nisa, don haka idan tafiyar ba ta cika ba, nan ne ke zama fari. Idan ta gaza ƙwarai sai kare ya fito dabbare-dabbare, ko kusan fari fat.

Wani abu kuma shi ne, karya tana sakin ƙwai da yawa a lokaci guda, kuma takan sadu da kare fiye da ɗaya cikin kwanakin barbararta. Saboda haka 'ya'yan da ta haifa bayan kimanin kwana 63 suna iya kasancewa uwa ɗaya, uba daban-daban.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kan haifi jajaye, tunkiya uda kuma ta haifi mai rabi duhu rabi fari? Dalili shi ne makiyaya sun daɗe suna zaɓen bunsuru da rago, har launi ɗaya ya zaunu. Karen ƙauye bai sami irin wannan tacewa ba, shi ya sa ya riƙe launuka masu yawa.

Abin da launi ba ya faɗa

Na farko, launi ba ya tabbatar da asali. Akan sayar da kwikwiyo mai baƙin baya da tsada a ce jinin karen Jamus ne, alhali ƙwayoyin wannan launi ba mallakar irin Turai kaɗai ba ne. Binciken da Adam Boyko da abokan aikinsa suka wallafa cikin 2009, a kan karnukan ƙauyukan Masar da Yuganda da Namibiya, ya nuna cewa akasarinsu 'yan asalin ƙasa ne, ba gaurayen irin Turai ba. Haka nan abin da ake kira barbarar yanyawa magana ce kawai, domin kare da yanyawa ba sa haihuwa tare.

Na biyu, launi ba ya nuna zuciya. Wasu na ɗauka baƙin kare ya fi zafi, wasu kuma ja ya fi gudu. Ƙwayoyin rini 'yan kaɗan ne cikin kusan 20,000 da kare ke da su. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka cikin 2022, wanda ya shafi karnuka sama da 18,000, ya gano cewa irin kare ma kansa kimanin kashi 9 cikin 100 kawai yake bayyanawa na bambancin hali tsakanin karnuka, balle launi. Mafarauci zai fi cin riba idan ya dubi aikin uwar kwikwiyo, da lafiyarsa, da horon da zai ba shi.

Inda launi ke gargaɗi

Akwai wuri ɗaya da launi ke da alaƙa da lafiya. Can cikin kunne ma ana bukatar ƙwayoyin rini domin ji ya yi aiki, don haka kare mai farin kai gaba ɗaya, musamman mai shuɗin ido, ya fi shiga haɗarin kurumta. Mai neman karen gadi ya tafa hannu a bayan kwikwiyon da ya kai wata ɗaya, ya ga ko zai waiwayo. Haka kuma a bambance dabbare na haihuwa da wurin da gashi ya zube fata ta yi kirci, domin wannan cuta ce mai bukatar likitan dabbobi.

Kammalawa

Ciwon haukan kare bai san baƙi ko ja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Saboda haka tambayar da ta fi launi muhimmanci ga mai karɓar kwikwiyo a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ita ce: an yi masa allurar rigakafi? Ana fara ta ne yana da wata uku, a riƙa maimaitawa bisa shawarar likitan dabbobi. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sa'annan ya garzaya asibiti a ranar, kowane irin launi karen yake da shi.