Shin Ko Kun San? Manhajar Gyaran Murya Da Ba A Sayarwa

Shin ko kun san cewa saƙon muryar da ɗan ci-rani ke turowa gida Tibiri ta WhatsApp, da wata fasaha mai suna Opus ake matse shi? A 2012 aka amince da ita a tsarin intanet, kowa kuma yana da izinin aiki da ita ba tare da biyan ko dala ba. Ƙanƙanta saƙon da take yi ne ke sa ya iso ko da rezo na wasa.

Ko kun san manhajar Audacity, wadda ake naɗar murya da gyara ta a kwamfuta, aikin ɗalibi ne da malaminsa? Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara ta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, shekarar da aka buɗe rediyon karkara na Bankilare a Nijar. A Mayun 2000 suka sake ta kyauta, suka kuma bar rubutun cikinta a buɗe don mai so ya duba ko ya gyara. Ina ganin babu dalilin da zai sa ma'aikacin rediyo a Dogon Dutsi ya dogara da manhajar sata alhali ga halal a banza.

Audacity tana rage ƙarar janareto ko ta fanka. Kafin mai magana ya buɗe baki, a bar daƙiƙa uku ana naɗar ƙarar ita kaɗai. Sai a zaɓi wannan guntun a nuna wa manhajar, ita kuma ta bi hirar tana tsince irin wannan ƙara. A yi a hankali dai, don in aka matsa mata, murya takan koma kamar daga cikin tulu take fitowa.

Shin ko kun san ana iya ceto tsohon kaset da Audacity? Waya guda ce, daga ramin abin sauraro na rakoda zuwa kwamfuta. Kaset na minti 60, minti 60 zai ci, ba gaggawa. A adana asalin a WAV ko FLAC, domin MP3 zubar da wani ɓangare na sautin yake yi, ba ya kuma dawowa. Naɗi irin na faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, minti ɗaya kan ci kusan megabait 10. Ɓacewar tarihin baka ce ta fi damuna. Tun 1968 cibiyar CELHTO ta Yamai take tattara tarihin baka, amma ba za ta kai kowane zaure ba. Labarin yaƙin Lugu na 1899, da kirarin Samna, da waƙoƙin daka na matan Arewa, da yawansu suna bakin tsofaffi ne ko cikin kaset ɗin da zafi da ƙura ke cinyewa.

A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity, ya so ya riƙa tattara bayanan masu amfani da ita. Jama'a suka yi ca, wasu suka kwashi rubutun suka ƙera tasu mai suna Tenacity. Lasisin GPL ne ya ba su wannan dama.

Audacity tana aiki a Windows da Mac da Linux, amma ba a yi ta don wayar Android ba. Wadda kuka gani da sunanta a waya, ba ita ba ce.