Mai Riƙe Kuɗi Daban, Mai Riƙe Littafi Daban

Da wuya ka ratsa gari a ƙasar Dambatta, Makoɗa, Bichi ko Tsanyawa ba ka tarar da ƙungiyar ci gaban gari ba, ko kwamitin masallacin Juma'a, ko ƙungiyar manoma masu haɗa kuɗin taki. Su ke gyara tuƙa-tuƙa, su rufa ajin Islamiyya, su kai mara lafiya asibiti. Kuɗinsu na fitowa daga karo-karon kaka da gudummawar 'yan gari mazauna Kano, Abuja da Legas. Amma a yawancinsu mutum ɗaya ne ke karɓa, shi ke ajiyewa, shi ke biya, shi ne kuma ke rubutawa in ya tuna. Ra'ayina shi ne duk ƙungiyar da kuɗinta ya kai na yin gini ko sayen buhunan taki ta ɗauki akanta, ta biya shi, ko da na kwana biyu ne a wata.

Dalilin farko ba sata ba ce, kunya ce. A wannan yanki da gona ke jingine da gona, ma'ajin ƙungiya kawun wani ne, surukin wani ne, watakila shi ya ranta wa sakatare hatsi bara. Wane matashi ne zai miƙe a taro ya ce, "Alhaji, ina rasit ɗin siminti?" Tambayar da aka haɗiye a taro ba ta mutuwa, sai ta koma majalisa ta zama tsegumi, daga nan masu aiko kuɗi daga birni su janye hannu ba tare da sun faɗi dalili ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara dagula abin, domin mutane sun saba da tura kuɗi ta waya, kuma sau da yawa asusun ma'aji na ƙashin kansa ake turawa. Gudummawar rijiya da cinikin gyaɗarsa sun haɗu wuri guda. Ko waliyyi ne, bayan wata shida ba zai iya rabe su da ka ba.

Za a ce aikin Allah ne, amana ta isa, kawo akanta kamar tuhumar dattawa ne. Wannan magana ba ta da gindi a addinin da ake kafa hujja da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma ta nemi marubuci mai adalci tsakanin ɓangarorin. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓar zakka. Idan an bi lissafin sahabi, ban ga ta inda bin lissafin ma'ajin ƙauye ya zama cin fuska ba. Hasali ma shi ne ya fi kowa cin moriya, don littafi mai tsabta ne zai wanke shi ranar da aka fara nuna shi da baki.

Ƙorafin tsada ya fi ƙarfi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma akwai ƙungiyoyin da abin da suke tarawa a wata bai kai haka ba. To amma ba wanda ya ce a ajiye ƙwararre mai shaidar ICAN ko ANAN a ofis. Irin waɗannan sau ɗaya a shekara ake bukatarsu, don bincike na ƙarshe. Aikin yau da kullum, wato littafin shiga da fita, adana rasit, da gwada littafi da takardar banki duk ƙarshen wata, mai difloma daga Kano Poly zai iya, kuma garuruwan nan cike suke da irinsu. Ƙungiyoyi huɗu ko biyar na gunduma ɗaya za su iya haɗa ladan mutum ɗaya. Sai dai a biya shi ɗin. Wanda ke aiki kyauta ba a iya tsare shi da tambaya in ya makara.

Ga kuma doka. Dokar kamfanoni ta CAMA, kamar yadda aka zartar da ita a 2020, ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista da CAC ajiye bayanan kuɗi da miƙa rahoto, sashe na 839 kuma ya buɗe ƙofar dakatar da amintattu idan aka sami almundahana ko sakaci. Masu ba da tallafi su ma takarda suke fara tambaya. Manoman da suka shiga shirin Fadama na Bankin Duniya sun san sai da ƙungiya mai rajista da asusun banki ake sakin kuɗi.

Shi akantan fa, wa zai tsare shi? Tsarin ɗaukarsa ne. Kada ya zama ɗan shugaba ko ƙanen ma'aji, kada kuɗi ya bi ta hannunsa, kada ya shiga cikin masu sa hannu a banki. Babban taro ne zai ɗauke shi, ba shugaba ba, kuma gaban taron zai karanta lissafi da Hausa, bayan kaka da kuma kafin faɗuwar damina, lokacin da kuɗin taki ke fita.