Me Ya Sa Zafi Ke Hana Jirgin Sama Tashi?

A watan Yunin 2017, kamfanin American Airlines ya soke tashin jirage fiye da 40 a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka. Babu hadari, babu hazo, kuma injunan lafiyarsu ƙalau. Zafi ne kawai ya doshi digiri 49 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙananan jiragen Bombardier CRJ da ke jigilar a lokacin ba a amince musu su tashi ba idan ya wuce 48.

Abin da mamaki ga wanda ya ɗauka inji ne ke ɗaga jirgi. Aikin inji turawa gaba. Ɗagawa kuwa ta fukafukai ce. Duk yaron da ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu, ya ɗan karkata shi sama, ya ji yadda iska ke cilla hannun. Fiffike yana karkatar da iskar da ta taho masa zuwa ƙasa, ita kuma ta rama ta tunkuɗa shi sama, daidai da ƙa'idar da Isaac Newton ya rubuta a 1687. A lokaci guda, iskar da ke bin bayan fiffiken ta sama tana fin ta ƙasa gudu, matsinta ya ragu, kamar yadda Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738. Masana sun daɗe da daina tambayar wane ne mai gaskiya a cikinsu, don abu ɗaya suke kwatantawa ta fuska biyu.

Akwai wani bayani da ya cika littattafan makaranta, wai iskar sama tana sauri ne don ta cim ma ta ƙasa a ƙarshen fiffike su haɗu tare. Wannan ba haka yake ba. Gwaji ya nuna ta sama tana riga ta ƙasa isa, kuma da bayanin gaskiya ne, da jiragen wasan sararin samaniya ba su iya tafiya a kife ba.

To ina zafi ya shigo? Iska tana da nauyi: a bakin teku, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na iska ya ɗan haura kilo ɗaya. Idan ta yi zafi sai ta buɗe, ta yi shara-shara. A digiri 45 nauyinta kan ragu da kusan kashi 10 cikin 100 idan aka gwada da digiri 15. Fiffike ya samu ƙarancin abin turawa ƙasa, injin ma ya samu ƙarancin abin shaƙa, ƙarfinsa ya ja baya. Hanya ɗaya ta rage wa matuƙi, ita ce ƙarin gudu, gudu kuma sai da dogon titi.

Gudun nan shi ne jarin tashi. Idan ya ninka sau biyu, ƙarfin ɗagawa kan ninka sau huɗu. Shi ya sa Boeing 747-400, wanda nauyinsa da kaya kan kai kusan tan 400, sai ya doshi kilomita 300 a awa kafin matuƙi ya ɗaga hancinsa. Kafin nan an zaro wasu faranta a gaba da bayan fukafukan don su ƙara faɗi da lanƙwasa, kuma an fuskantar da jirgin inda iska ke tahowa, domin gudunsa a cikin iska ake lissafi, ba a kan kwalta ba. Ɗaga hancin ma da iyaka: idan kusurwar da fiffike ke tarbar iska ta wuce kimanin digiri 15, iskar ta rabu da bayansa, ɗagawar ta zube.

Tudu ma, kamar zafi, yana sa iska ta yi shara-shara. Filin jirgin El Alto da ke hidima wa La Paz a Bolibiya yana sama da mita 4,000 daga bakin teku, titinsa kuwa kilomita 4 ne. A birnin Denver na Amurka, inda tudu da zafin bazara suka haɗu, an shimfiɗa titi mai mita 4,877. Inda titin bai kai ba, sai a rage kaya ko fasinjoji, ko a jira rana ta yi sanyi.