Golf GTI: Abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya sayi ƙaramar mota mai zafin nama

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Kano, Zariya ko Katsina ya san Golf. Ita ce ke jigilar fasinja da kaya tsakanin garuruwa ba dare ba rana, har sunanta ya zama kamar wata alama ta juriya. Sai dai Golf tana da wata 'yar'uwa da ba a cika ganinta a tasha ba. An fi cin karo da ita a bidiyoyin TikTok da YouTube, tana kurɗawa cikin kwana kamar an ɗaure ta da kwalta. Sunanta Golf GTI, kuma tana cikin motocin da matasa masu sha'awar tuƙi ke mafarkin mallaka.

Sayen irin wannan mota daban, riƙe ta daban. Abubuwa uku ne ke raba wanda zai ji daɗinta da wanda za ta cinye masa aljihu ko ta jefa rayuwarsa cikin haɗari: injin, taya, da yadda motar ke kama hanya.

Daga ina ta samo asali?

Kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya nuna GTI ta farko a baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, aka fara sayar da ita a 1976. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki ƙaramar motar iyali mai ƙofa a baya, a sa mata injin da ya fi ƙarfi, a ƙarfafa ƙafafunta. Injin mai lita 1.6 ne da ƙarfin doki 110, kuma yana amfani da injekta maimakon kafireto. Tun da nauyin motar bai wuce kilo 810 ba, tana iya kaiwa gudun kilomita 182 a awa. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 kacal, amma kafin a rufe wannan zubin an ƙera fiye da 460,000.

Tun daga lokacin ƙarfin yake ta hawa. Zubi na biyar, wato Mk5 na 2004, ya zo da injin lita 2.0 mai turbo da ƙarfin doki 200. Mk6 na 2009 yana da 210, Mk7 na 2013 ya fara da 220, Mk8 na 2020 kuma 245. Sabon samfurin 2024 ya kai 265, kuma a kansa ne aka daina yin giyar hannu. Waɗanda matashi zai fi samu a kasuwar motocin da aka riga aka yi amfani da su a waje su ne Mk5 zuwa Mk7.

Injin: ƙarami ne, amma yana da zaɓen abinci

Sirrin ƙarfin GTI shi ne turbo. Hayaƙin da ke fita daga injin ne ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta danna ƙarin iska cikin injin. Idan iska ta yi yawa, sai a ƙona ƙarin fetur, ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa Mk7 ke iya tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 7.

Amma injin da ke aiki cikin irin wannan matsi da zafi ba ya yafe sakaci. An tsara shi ne don fetur mai lambar oktan 95 ko sama da haka a ma'aunin Turai, kuma fetur ɗin da aka saba samu a gidajen mai na Najeriya bai kai nan ba. Motar ba za ta ƙi tashi ba. Akwai na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar injin, da zarar ta ji, kwamfutar motar za ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare injin. Abin da zai biyo baya shi ne raguwar ƙarfi da ƙaruwar shan mai, musamman a zafin watan Afrilu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba lissafin da za a yi wasa da shi ba ne.

Baƙin mai ma haka. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma baƙin man ne ke sanyaya shi. Dole a nemi wanda ke ɗauke da lambar amincewar kamfanin, kamar VW 502 00, ba na gefen titi da ake aunawa a galan ba. A lokacin hunturu kuma matatar iska kan toshe da ƙura tun kafin wa'adin da littafin motar ya ɗiba.

Kowane zubi yana da inda aka san shi da rauni. A Mk5, akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar ƙoƙo a ƙarƙashin famfon fetur da ke cinyewa, idan ba a canza shi ba sai ya lalata abin da ya fi shi tsada. A farkon Mk6, abin da ke ɗame sarƙar injin yakan saki. A Mk7, famfon ruwa da gidansa sukan yi yoyo. Mai giyar DSG mai hawa shida kuma yana bukatar canza man giyar duk bayan kilomita 60,000. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a tabbatar akwai bakaniken da ya san waɗannan, a kuma zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja a ji farashin kayan gyara.

Taya: inda rai yake

Komai ƙarfin injin, abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tuƙi, birki da kwana duk a kan waɗannan tafuka huɗu suke.

Yawancin GTI na zuwa da taya 225/45 R17 ko 225/40 R18. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tsawon gefenta ne, a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. Ke nan gefen taya mai lamba 45 ya kai kusan milimita 101, mai lamba 40 kuma 90. Siririn gefe yana sa motar ta amsa sitiyari nan take, kuma ya fi kyau a hoto. Amma a hanyar da ke da ramuka, wannan 'yar robar ce kaɗai ke tsakanin rim da bakin rami. Bugu ɗaya ya isa ya fitar da ƙullutu a gefen taya ko ya lanƙwasa rim. Tayar da ta yi ƙullutu ba ta faci, sai canji. Don haka rim mai inci 17 ya fi dacewa da hanyoyin Arewa, ko da masu inci 19 sun fi jan hankali a Instagram.

Akwai kuma harafin gudu: H na nufin kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Taya mai ƙaramin harafi ba ta jure zafi kamar wadda aka tsara wa motar.

Babban tarkon shi ne tayar gwanjo. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Roba na bushewa da shekaru ko da zanen cikinta bai goge ba, kuma zafin rana na hanzarta hakan. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Zurfin zanen ma kada ya yi ƙasa da milimita 1.6, domin shi ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya a damina.

Iskar taya kuwa da safe ake auna ta, kafin motar ta yi tafiya, bisa adadin da ke kan takardar da aka manna a jikin ƙofa ko murfin tanki, ba yadda mai faci ya ƙiyasta da bugun hannu ba.

Kama hanya: iyakar abin da kwamfuta za ta iya

GTI ta fi Golf ta yau da kullum kusanci da ƙasa da kimanin milimita 15, kuma ƙafafunta sun fi tauri. Wannan ne ke hana ta kwanciya gefe a kwana, kuma shi ne ke sa cikinta gogar tudun rage gudu na cikin unguwa.

Tayoyin gaba ne ke jan motar, su ne kuma ke juya ta. Idan direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, ko ya taka totur da wuri, gaban motar zai ƙi bin sitiyari ya miƙe waje. Daga Mk6 an sa wata manhaja mai suna XDS da ke ɗan taɓa birkin tayar da ke cikin kwana don motar ta juyo. Wasu Mk7 kuma suna da na'urar VAQ da ke tura ƙarfi ga tayar da ta fi riƙo. Duk da haka babu manhajar da za ta ƙirƙiro riƙo a kan yashi ko busasshiyar taya. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkawa sau huɗu. A hanyar da babur, Keke Napep ko garken shanu za su iya faɗowa ba sallama, wannan lissafin ya fi ƙarfin doki muhimmanci. Dokar hanya ma ta tsayar da motar gida a kan kilomita 100 a awa a babban titi.

Wayar hannu a matsayin ɗan bakanike

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa da ake kira OBD2. Da 'yar na'urar Bluetooth da manhaja irin su Torque, Car Scanner ko OBDeleven, waya za ta nuna lambobin matsala, zafin ruwan injin da matsin turbo. Ga mai niyyar saye, wannan na iya tona abin da dillali ya ɓoye, domin ana iya goge fitilar gargaɗi a dashbod, amma na'urar kan nuna cewa ba a daɗe da goge bayanan ba.

Ta wannan kafar ce kuma ake sauya manhajar injin don ƙara ƙarfi, abin da ake kira Stage 1. A ƙasashen da ke da fetur mai oktan 98 abin yana tafiya daidai. A inda fetur bai kai ko 95 ba, ƙara wa turbo matsi neman fashewar fistin ne da kuɗin mutum.

Wanda ya ware kuɗin sababbin tayoyi huɗu, baƙin mai na gaske da binciken kwamfuta tun kafin ya fara ciniki, shi ne ya shirya riƙe GTI. Wanda kuɗinsa ya ƙare a kan farashin motar kaɗai, gara ya ƙara haƙuri ya ci gaba da tari.