Baje haja a intanet: hoto bayan hoto, amma a tsare ƙofa

Gani ya kori ji. Bajimin ɗan kasuwa a Damagaram da ke son abokin ciniki na Yamai ya ga takalman fatarsa ba sai ya yi musu jigila a mota ba. Shafi guda na intanet ya isa ya baje su ɗaya bayan ɗaya. To, yaya ake gina shi?

Aikin yana gudana ne a kan kwamfutar da ke ajiye shafin, wadda masana ke kira uwar garke. A can ake aje ɗan rubutun umarni, galibi da harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a shekarar 1995. Mai haja zai zuba hotunansa cikin jaka guda. Duk sa'ad da baƙo ya buɗe shafin, rubutun zai leƙa jakar, ya jera sunayen hotunan, ya duba lambar da ke ƙarshen adireshi. In 3 ce, sai ya aika hoto na uku, tare da maɓallan «gaba» da «baya» masu kai mutum ga na huɗu ko na biyu. In an kai ƙarshe, a koma farko. Amfanin a fili yake: sabuwar haja ta zo, a jefa hotonta cikin jakar, ba sai an sake biyan gwani ba.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na farko, a raɗa wa hotuna 01, 02, 03, domin kwamfuta na iya sa 10 gaban 2. Na biyu, a rage nauyinsu. Mai saye da kuɗinsa yake kallo a wayar salula, hoto mai nauyi kuwa korar shi zai yi. Na uku shi ne babba: kada rubutun ya amince da duk abin da baƙo ya sa a adireshi. Lamba kawai zai karɓa, wadda ba ta wuce yawan hotunan ba. In aka bari ya karɓi sunan fayil, ɓarawo na iya bi ta nan ya karanta takardun sirri da ke kan uwar garke, har da sunayen abokan ciniki.

Ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki a ofis, shi ma ya riƙe wannan: wanda ya buɗe shago, shi ke da alhakin kwaɗonsa.