A Gyara Inji Ko A Sayo Na Beljiyam?

Akwai wata magana da na gaji da ji a garejojinmu, kuma abin haushi har masu ilimi sun haddace ta: wai inji idan aka buɗe shi, ya gama yawo. Da mota ta fara shan baƙin mai ko ta riƙa turnuƙe unguwa da hayaƙi, tun bakanike bai ɗauko sifana ba sai ka ji ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, mu je Ƙofar Ruwa mu ɗauko na Beljiyam." Alhaji ya amsa da to, ya tafi neman bashi, alhali babu wanda ya auna komai a jikin motar.

Hanyoyin dai biyu ne. Ko a sauke injin a wargaza shi a sauya abin da ya cinye, wato ofahol, ko a jefar da shi a ɗora wani. Wanin nan kuwa, wato na Beljiyam, in ban da ƙalilan, tsoho ne da aka ciro daga motar da ta yi hatsari ko aka yi ritayarta a Turai, Amurka ko Japan, aka loda a kwantena.

To, mu tambayi masu cewa buɗaɗɗen inji ba ya sake lafiya: da me direbobin tasha suka riƙe Fijo 504 shekara da shekaru? Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kuma an ƙera injin 504 ne yadda za a zare hannun rigar silinda a zura sabo, da fistin da ring ɗinsa. A yi mata ofahol ta koma hanyar Kano zuwa Maiduguri, ta gaji a sake yi. Har yau kamfanonin mota suna ƙera mital mai ƙarin kauri domin kiranshaf ɗin da aka yanka da milimita 0.25 ko 0.50, da fistin mai ƙarin faɗi domin silindar da aka faɗaɗa. Da buɗe inji kisa ne, wa za su sayar wa waɗannan kayan?

Abin da ke kashe inji bayan ofahol aikin ganin ido ne. Bakanike ya baje kayan ciki a kan rairayi, iska na kwaso ƙura tana zubawa. Ba ya auna silinda ya ga ko ta buɗe, sai ya cusa sabon ring a tsohon rami, wata biyu hayaƙi ya dawo. Ba ya kai kiranshaf a auna, sai ya shafa da yatsa ya ce lafiya lau. Notocin tof silinda, waɗanda kamfani ya ƙayyade ƙarfin ɗaurinsu da jerin yadda za a bi su, sai ya sa bututu a sifana ya taka da ƙafa. A ƙara da jabun ring da jabun gaskit. Mai mota ma yana da nasa laifin, domin shi ne ke cewa a sayo mai araha, sannan ya tsaya a kan bakanike lallai gobe zai yi tafiya. Idan injin ya buga, sai duk su haɗu su ɗora laifin a kan buɗewa. Haba jama'a!

Shi kuma na Beljiyam da ake yi wa kirari, wa ya san tarihinsa? Ba ya zuwa da agogon da zai nuna kilomita nawa ya ci. Ba ka san ko mai shi yana juye mai a kan lokaci ba, ko ruwa ya taɓa cin motar. Wani ma bai taɓa hawa jirgin ruwa ba: a nan gida ya mutu, aka yi masa kwaskwarima, aka wanke da fetur, aka jera cikin na waje. Sayen irin wannan inji sayen kifi ne a ruwa. Akwai kuma ciwon da ke bin dangi. Injin 2AZ mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, ya yi suna wajen shan baƙin mai, har Toyota da kanta ta amince da matsalar a Amurka, kuma maganin da ta bayar shi ne sauya fistin da ring. Wanda ya jefar da nasa ya sayo irinsa, yana iya sayo ciwon da ya gudu daga gare shi, da kuɗi mai yawa kuwa, tunda da dala ake shigo da kayan nan, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023.

Ban ce kada a taɓa sayen inji ba. Idan bulok ya tsage, ko sandar fistin ta ɓalle ta huda shi, ko zafi ya kama injin har ya ƙame, ko an yanka kiranshaf har ya ƙure, zance ya ƙare, a nemi wani. Haka wasu injinan zamani masu bulok ɗin alminiyam, ba a yi su don a faɗaɗa silindarsu ba. Kuma idan garinku babu mai aikin da ka yarda da shi, gara inji mai kyau da ofahol na ganganci.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, a gano ciwon. Dubi hayaƙin: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, kuma wannan sau da yawa ba ya buƙatar a sauke inji. Zaro sandar auna mai. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, galibi gaskit ne. Sannan ka nace a yi gwajin matsin silinda. Ana cire fulogi a ɗaura ma'auni a kowane rami, kuma bai kamata ramukan su bambanta da fiye da kusan kashi 10 cikin 100 ba. Ramin da ya yi ƙasa a zuba masa cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa: in ya tashi, ring ne, in bai motsa ba, a duba bawul ko gaskit. Sau da yawa aikin tof silinda kaɗai ya isa. Bakaniken da ba shi da wannan ma'auni, bai kuma san inda zai aro ba, ɗauke motarka ka yi gaba.

In gyara za a yi, a kai bulok da kiranshaf da tof silinda wurin masu aunawa, a duba famfon mai, ka sayi kaya da kanka a shagon da za ka iya komawa, ka ce a nuna maka tsofaffin da aka cire. Bayan an haɗa, ka lallaɓa motar kamar kilomita 1,000 na farko, ba lodi ba gudu, sannan a juye mai da filta.

In saye za ka yi, tabbatar lambar samfurin injin ta dace da motarka, domin na Turai da na Amurka kan bambanta a wayoyi da na'urori, kwamfutar motar ta ƙi karɓa. A buɗe murfin sama a ga ko mai ya daskare ya zama kwalta. A sauke kaskon mai a nemi ɓurɓushin ƙarfe. A juya injin da hannu. Sabon gam a gaɓoɓi alama ce an taɓa buɗe shi. Kwanakin gwajin da mai kaya ya yi alkawari, a rubuta su a rasit tare da lambar injin, kuma ka gyara takardun motarka, don injin sata ma yana shiga kasuwa.

Ko wanne ka zaɓa, a gyara abin da ya kashe na farko. Lagireto mai yoyo, fanka da ba ta tashi, jabun baƙin mai, da mugun halin nan na cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, duk suna nan suna jiran sabon injin. Masu motoci, don Allah ku daina biyan kuɗin inji kafin a nuna muku sakamakon awo.