Ƙurar Dutse da Lafiyar Mafasa: Darasi Daga Italiya

Lokacin da nake tattara bayani kan sana'ar fasa dutse, na yini a wani wurin fasawa. Da la'asar na ga ma'aikata sun yi fari fat da ƙura, ba mai takunkumi ko ɗaya. Dalili ke nan da ya sa na ga ya dace in yi wa malamai da iyayenmu bayanin asbesto.

Galibinmu a silin da kwanon rufi muka san asbesto. To amma asalinsa ma'adini ne da Allah ya halitta cikin wasu duwatsu, mai zare-zare kamar auduga. Muddin dutsen na zaune ba a taɓa shi ba, hatsarinsa kaɗan ne. Da zarar an fasa ko an niƙa, sai zaren da ido ba ya gani ya bi iska. In an shaƙa, yakan maƙale a huhu, ya jawo tabo mai hana numfashi, ko sankarar huhu, ko sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu. Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, shan taba kuma na ƙara hatsarin sankarar huhu. A 1960 likita Wagner da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 33 masu sankarar tantanin nan a Afirka ta Kudu, wasunsu ba su taɓa haƙar ma'adinin ba, kusa da mahaƙar kawai suka zauna.

Misalin da ya fi ja hankalina shi ne garin Biyankabila, a gindin dutsen Etna na tsibirin Sisili. Shekara da shekaru mutanen garin na ɗibar tsakuwa da yashi daga wurin fasa dutse na Monte Kalbariyo, suna gina gidaje da shimfiɗa hanyoyi. Da mace-mace daga wannan sankara suka yi yawa, bincike ya gano wani ɗan'uwan asbesto a dutsen. Aka rufe wurin, aka malala wa hanyoyi kwalta, a 2014 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ma'adinin cikin masu haddasa sankara.

Ba kowane dutse ke da asbesto ba. Sai dai ƙurar falalen dutse irin namu na ɗauke da silika, wadda ita ma ke taurara huhu. Saboda haka a riƙa kai samfurin dutse ga masana kafin a soma fasawa, a yayyafa ruwa yayin aiki, a sa takunkumin da aka yi musamman don ƙura, kada a koma gida da tufafin aiki. Malamai kuma su hana yara wasa a kan tulin tsakuwa. Wanda ya daɗe a sana'ar, in tari ko haki ya dame shi, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi.